Kafin A Sayar Da Gidan Gado A Kurmi, A Wanke Masa Fuska

Yau ina so in taɓo wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke sayar da gidajen iyayenmu a Agege da Idi-Araba da Sabon Shagamu da Sabon Ibadan. Da zarar maigida ya rasu, magada na Arewa sun matsa a raba gado, sai a kira dillali a nuna masa gida yadda yake: kwata ta toshe, bango ya yi gansakuka, ƙofa ta ci tsatsa, ga tumaki ɗaure a bakin zaure.

Mu fa 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Mahaifina goro yake sayarwa, kuma ban taɓa ganin ya kai goro kasuwa bai tsince shi ya yayyafa masa ruwa ya sake masa ganye ba. To me ya sa gida, wanda ya fi kwandon goro dubu daraja, za a kai shi kasuwa da dauɗarsa? Mai saye tun daga bakin titi yake yanke kuɗi a ransa. In ya ga ƙazanta a waje, sai ya ɗauka ciki ya fi lalacewa, kuma ya gane masu gidan a matse suke. Daga nan sai tayin wulaƙanci. Asarar kuwa a kan marayu da matan mamaci take faɗawa.

Gyaran da nake nufi ba na miliyoyi ba ne. A yashe kwata, a kwashe bola da tsoffin kwanuka, a kankare bango a shafa fenti, a gyara ƙofa, a sa ƙwan fitila a waje. Amma a lura da lokaci. Ruwan Ikko daga wajen Afrilu har Oktoba yake zuba, fentin da aka shafa a jiƙaƙƙen bango kuwa ɓarewa yake yi. A bari sai rani. Sannan magada su amince a rubuce nawa za a kashe, kuma a cire daga kuɗin gidan, kada gyara ya zama rigima.

Na san wani zai ce, ai masu saye a Ikko fili suke so, rushewa za su yi su gina bene. Gaskiya ne a wasu unguwanni. In haka ne kada a ɓata kuɗin fenti, amma shara da yashe kwata suna nan, domin fili mai tsafta ma ya fi kuɗi. Abin da ya fi fenti a nan shi ne takardu. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake canza mallakar fili a birni. Saboda haka a nemo takardun gida tun da wuri, a biya bashin wuta da harajin gida, a sanar da 'yan haya cikin mutunci.

Sai dai akwai iyaka. Gyara daban, algus daban. Wanke goro gyara ne, jera mai kyau a sama a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa ha'inci ne. In bango ya tsage, ko rufi na yoyo, ko ruwa na shiga tsakar gida da damina, a gyara ko a faɗa wa mai saye, kada a lulluɓe da fenti. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, kuma amana ce ta zaunar da kakanninmu a garin mutane har yau. Bahaushe ɗaya ya cuci mai saye, duk unguwa za a zaga.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa albarka a abin da suka bari.