Idan ƙafa ta gaji: ina makomar ɗan ƙwallon ƙaramin rukuni a Gaya?

 Duk shekara idan aka rufe lakwal aka shiga babban hutu, filayen unguwanni kan cika da gasar nan ta TGV. 'Yan fada su haɗa kuɗin riguna, wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya sa kofi, ranar ƙarshe a ɗauki yaron da ya fi kowa zura ƙwallo a kafaɗa a zaga gari da shi. Abin da sharhinmu na yau yake tambaya shi ne: bayan shekara goma, ina yaron nan yake?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Wani yana kabu-kabu, wani yana dako a tasha, wani yana tuƙa kwalekwale a bakin kogi, wani kuma ya bi hanyar Agadas ya nufi Libiya ko Aljeriya. Rayuwar ɗan ƙwallon ƙaramin rukuni gajera ce. Yakan fara fice yana ɗan shekara 17 ko 18, kafin ya kai 30 gwiwa ko idon sawu sun sallame shi. Akasari ba kwantaragi, ba albashin wata, sai ɗan abin da aka raba bayan an ci wasa. In ya karye, mai ɗori ne da aljihun iyayensa. Ga shi kuma tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan 26 ga Yulin 2023, masu motocin dakon kaya da 'yan tiransit, waɗanda da yawa daga cikinsu su ne ke sayen ƙwallo da takalma, kowa ya koma ta kansa yake yi.

Dole mu dubi yadda tamaular ƙasarmu take a tsare. Manyan ƙungiyoyin da ke iya biyan ɗan wasa galibi a Yamai suke, kuma na hukumomi ne: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta jami'an Garde, USGN ta jandarmomi, AS Police, AS Douanes ta duwan, sai na kamfanonin gwamnati irin su Nigelec. Ƙungiyar jaha kuwa sau da yawa a aljihun mutum guda take rataye. Ranar da ya gaji, ƙungiya ta kwanta. Tsakanin Gaya da Yamai kusan kilomita 300 ne, kuma ba kullum mai neman 'yan wasa zai taso ya zo kallon yaranmu ba. Cikin yara ɗari masu buga TGV, ƙalilan ne za su ci abinci da ƙafarsu. Sauran fa? Akwai ƙofa ta biyu da ba mu cika kula da ita ba, wato horaswa. Labarin mutum biyu da suka je gasar cin kofin Afirka ta 2012 a Gabon ya isa misali.

Na farko Bafaranshe ne, Hervé Renard. A matsayinsa na ɗan wasan baya bai yi wani suna ba. Bayan Cannes, a ƙananan ƙungiyoyi ya ƙare wasansa, Vallauris da Draguignan, waɗanda ko a Faransa ba kowa ya san su ba. Da ya rataye takalmi ya fara horar da Draguignan, sana'arsa ita ce shara da goge-goge: da asuba ya share gine-gine ya fitar da bola, da marece ya tafi fili. Daga nan wani tsohon hannu, Claude Le Roy, ya ɗauke shi mataimaki, ya tafi da shi ƙasar Sin, daga baya kuma Ghana. A 2008 Zambiya ta ba shi ƙungiyarta. Ranar 12 ga Fabrairun 2012 a Libreville, Zambiya ta doke Kodebuwa a bugun fanareti 8 da 7, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. A 2015 ya sake ɗaukar kofin da Kodebuwa ɗin kanta, sannan a 2022 a Katar, Saudiyya da yake horaswa ta doke Ajantina ta su Messi 2 da 1.

Na biyu namu ne, Harouna Doula. Shi ya karɓi Mena a lokacin da ba wanda ke sa Nijar a lissafi. A neman gurbin gasar 2012 aka haɗa mu da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. A watan Oktoban 2010 Mena ta doke Masar 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ya ci ƙwallon. Masu shekaru za su tuna ranar ƙarshe, a Oktoban 2011: mun sha kashi 3 da nema a hannun Masar, 'yan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suka hau rawa a fili, suna zaton sun wuce. Ashe ƙa'idar gasar sakamakon wasannin da aka yi tsakanin masu maki ɗaya take dubawa, kuma a nan Nijar ce gaba. Haka Mena ta je gasar Afirka karo na farko a tarihinta. A wannan shekara ta 2011 Doula ya kai 'yan wasan gida zagayen ƙungiyoyi takwas na gasar CHAN a Sudan, kuma hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na Afirka.

To me ya biyo baya? Ana dab da gasar aka ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara. Wasan farko Gabon ta ci mu 2 da nema, nan take aka janye ragama daga hannun Doula aka miƙa wa baƙon. Sakamakon bai sauya ba: Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema, muka dawo gida ba maki ko ɗaya. A gasa guda, tsohon mai shara ya ɗaga kofi, shi kuma gwarzon mai horaswa na Afirka an mayar da shi gefe bayan minti 90.

Wannan hali na raina na gida ba na Nijar kaɗai ba ne, kuma mu a Gaya mun fi kowa ganinsa, don ƙasashe uku ne suka haɗu a ƙofarmu. Bajamushe Gernot Rohr ya horar da Mena daga 2012 zuwa 2014, ya horar da Najeriya daga 2016 zuwa 2021, sannan Benin ta ɗauke shi a 2023. Mutum guda ya zagaye mu kaf. Ba wanda ya ce bai iya aiki ba, shi ya kai Mena gasar 2013. Amma a wannan gasa ta 2013, wa ya ɗauki kofi? Najeriya ce, a hannun ɗan gida, marigayi Stephen Keshi. Senegal ma da ɗanta Aliou Cissé ta ɗauka a 2022, Kodebuwa da ɗanta Emerse Faé a 2024. Shi kansa Doula, da aka sake ba shi 'yan wasan gida a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023, ya fitar da Ghana 2 da nema ya kai Mena wasan kusa da na ƙarshe, matakin da ba mu taɓa kaiwa ba. Gaskiyar Bahaushe, da tsohuwar zuma ake magani.

Abin lura a labarin Renard shi ne abubuwan da ya samu a ƙasa, tun yana shara. Ya samu gasa mai tsari wadda ake bugawa kowane mako, inda ƙaramin koci zai nuna aikinsa. Ya samu takardar shaidar horaswa. Ya kuma samu babba da ya riƙe hannunsa. Tsohon ɗan wasanmu na Gaya yana da basira da sanin yara, amma waɗannan ukun su ne babu. Yakan tara yara ashirin a fili da ƙwallo ɗaya, ya yi shekara goma yana wahala kyauta, ana ce masa koci, alhali a idon hukuma babu shi.

Ga yadda matakalar take. Takardun horaswa na CAF hawa-hawa ne: D, C, B, A, sannan Pro. Na ƙasa, wato D, hukumar ƙwallo ta ƙasa ce ke shirya kwas ɗinsa, a wurinmu Fenifoot ke nan. Ba a haura zuwa C sai an riƙe D an yi aiki da shi, haka har sama. Wanda ba shi da babbar takarda ba ya zama kan benci a matsayin babban mai horaswa a gasannin ƙungiyoyi na Afirka, ko da kuwa ya fi kowa sanin ƙwallo. Saboda haka ɗan wasan da ya kai shekara 26 ko 27 a ƙaramin rukuni, lokacin neman D ke nan, tun ƙafa tana aiki. Kuma ya riƙe sana'arsa ta hannu, don a farkon tafiya horaswa ba ta ciyar da gida.

Akwai wata takarda kuma da iyaye ya kamata su sani, ita ce lasisin yaro. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Misali in an sayar da shi miliyan 100 na sefa, miliyan 5 na masu renonsa ne. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, kuma sunan yaron yana cikin kundin hukuma. Moussa Maazou daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko. Hanyarsa a rubuce take. Yaron da ya taso a filin unguwa, ya tsallaka Kamba ko Malanbil ya buga can ba takarda, in Allah ya ɗaga shi gobe, wanda ya koya masa taɓa ƙwallo ko dala ba zai gani ba. Dokar ta kuma hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona ko saniya zai kai ɗan shekara 15 Turai, a yi hattara da shi.

To wa ke da abin yi? FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dala miliyan 8 na Amurka tsakanin 2023 da 2026 don raya ƙwallo. Haƙƙin jahohi ne su nemi a kawo kwas ɗin D Dosso, har ma Gaya, maimakon a ce mai kabu-kabu ya bar babur ɗinsa ya je Yamai ya ci da kansa. Ma'aikatar magajin gari za ta iya kare filayen wasa daga masu yanka fuloti, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin unguwa su yi rajista. Masu shirya TGV su riƙa ware wani abu don mai horaswa, kamar yadda ake ware wa mai tsaron gida da wanda ya fi cin ƙwallo.

Ku kuma 'yan uwa na ƙetare, mun san ƙoƙarinku, rigunan da yaranmu ke sawa da yawa ku kuka aiko. Amma riga damina biyu take yi ta yage. Kuɗin saitin riguna guda zai iya ɗaukar nauyin tafiyar tsohon ɗan wasa ɗaya zuwa kwas, ya dawo da takardar da zai yi shekara ashirin yana horar da ƙannenku da ita. In za ku aiko bana, ku tambayi mutanen unguwarku: wane ne ke tara yara a fili da marece, kuma wace takarda ce a hannunsa?

Muna jiran ra'ayoyinku a shirinmu na wasanni, musamman tsofaffin 'yan wasa da ke horar da yara a Gaya, Tanda, Bana, Bengu da Tunuga. Ku faɗa mana shekara nawa kuka yi a fili, da abin da ya hana ku samun takarda. Allah Ya ba mu alheri.