Fankar cikin teku da famfon bakin Komadugu

Wani yaro da na koyar a aji shida, wanda yanzu yake ajin ƙarshe na kwaleji a nan Diffa, ya zo gidana bayan la'asar da waya a hannu. Ya gaishe ni, ya miƙo mini ita ya ce, “Mushe, wannan aikin nake so.” Bidiyo ne na wani mutum rataye da igiya a jikin fiffiken wata ƙatuwar fankar lantarki, ba komai a ƙarƙashinsa sai teku. Na yi dariya na ce masa, “Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce Komadugu ba, ita ma watanni take yi a bushe?” Ya yi murmushi, ya karɓi wayarsa, muka shiga wata hira.

Dariyar nan ta dame ni daga baya. Shekara ashirin ke nan ina tambayar yara abin da suke son zama, amsar ba ta wuce likita, soja, ɗan duwan ko minista. Ranar farko da wani ya ce yana son ya zama mai gyaran inji, kuma ya faɗa da alfahari, ni malaminsa ne na fara yi masa dariya. Shi ya sa na zauna na bincika aikin, kuma abin da na gano ya fi shafar mu iyaye da malamai fiye da yaron.

Fankokin da ke cikin teku ba tsohon abu ba ne. A Danmak aka fara kafa su a 1991, guda 11 kacal, a wani wuri da ake kira Vindeby. Yau a gaɓar Ingila, filin Hornsea na farko kaɗai yana da fanka 174, kusan kilomita 120 daga tudu. Faransa ta buɗe nata na farko a Saint-Nazaire a 2022, da fanka 80. Kafa su shekara biyu ko uku yake ɗauka, amma kowace ana son ta yi aiki wajen shekara 25, cikin gishiri da iska da ruwan sama. Duk tsawon shekarun nan sai da mai kula da ita: ya canja mai, ya sa giris, ya ɗaure kusoshi, ya duba wayoyi, ya like tsagar da ta fito a fiffike. Wasu da safe jirgin ruwa yake kai su ya dawo da su da yamma. Na filayen nesa kuwa a cikin jirgi suke kwana mako biyu, suna aikin awa 12 a rana, sannan su koma gida su huta mako biyu. Ba a barin mutum ya hau shi kaɗai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aikin yake hawa-hawa. Ba da digiri ake shiga ba. Yawancinsu sun fara ne da koyon lantarki ko makanikanci, wasu a matsayin aparanti na kimanin shekara uku, ana biyansu suna koyo. Kafin ƙafar mutum ta taka jirgi sai ya samu takardar horon kariya ta wata ƙungiya da kamfanonin suka kafa, GWO: aiki a sama, taimakon gaggawa, kashe gobara, ɗaukar kaya masu nauyi, da yadda zai tsira idan ya faɗa ruwa. Takardar shekara biyu take yi, sai a sake. Daga nan yana bin na gaba da shi, ya zama mai cin gashin kansa, a ba shi izinin taɓa babbar wuta, ya zama shugaban ayari. In gwiwa ta fara ciwo, sai ya sauko ya koma tsara aiki a ofis ko koyar da sababbi. Kowane mataki da jarrabawarsa, da takardarsa, da ƙarin albashinsa. Yaro ɗan shekara 18 zai iya hango inda zai kai in ya cika 40.

Mu malamai mun san daɗin wannan da ɗacinsa. Da yawanmu da kwantaragi muka fara, muka jira lambar ɗauka, wasu suka zama darakta, wasu masu ba da shawara, wasu sufeto. Hanyar tana da tsawo, albashin kuwa kowa ya sani, amma dai akwai ta. To ɗan da muka kai gareji fa? Shekara bakwai yana wanke ƙarfe yana miƙa sifana, ranar da maigidansa ya sallame shi ba ya da ko ƙyallen takarda da zai nuna wa wanda bai san shi ba. Ya iya aikin, amma iyawar tasa ba ta wuce unguwarsu. Mun ga haka ƙiri-ƙiri a 2015, lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur a jihar nan: masu gyaran babura suka wayi gari ba sana'a, kuma ba su da shaidar da za ta kai su wani wurin aiki.

Wani zai ce, Malam, Nijar ba ta da teku, me ya kawo maganar? Gaskiya ne. Amma iskar ba a teku kaɗai take ba, kuma duk wanda ya yi hunturu a Ngigmi ko Maine-Soroa ya san ba mu rasa ta ba. Senegal ta buɗe filin Taiba Ndiaye a 2020 da fanka 46, a kan tudu. A ƙasarmu, a watan Maris na 2022 an sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan filin Tarka a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250. Maƙwabtanmu na Katsina kuwa sun riga mu: a Lambar Rimi an kafa fanka 37 don samar da megawat 10. Aikin ya ja fiye da shekara goma. A watan Disamba na 2012 ƴan bindiga suka sace injiniyan Bafaranshe da ke wurin, Francis Collomp, aiki ya tsaya cik. Mu da muke zaune a Diffa mun fi kowa fahimtar wannan. Duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare, baƙon ƙwararre shi ne farkon tafiya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ɗan gari ne yake zama.

Ba ma sai mun jira fanka ba. Ku sauka bakin Komadugu lokacin ban ruwan tattasai, daga Shetimari har Geskeru, ku ƙirga injinan ban ruwa. Tun da man fetur ya yi wuya ya yi tsada, masu hali suka fara komawa famfon sola. Mahaifin yaron nan yana cikinsu. Bara akwatin da ke sarrafa wutar famfonsa ya tsaya ana tsakiyar fure. Ya kira wanda ya sayar masa, aka ce mai gyara yana Damagaram, sai ya samu mota. Kwana tara aka yi. Da mutumin ya iso bai yi awa ɗaya ba ya gama: waya ce ta saki, ƙura kuma ta toshe wajen shan iska. Kuɗin motarsa da masaukinsa sun ninka kuɗin gyaran, fure kuwa rabi ya zube. Haka fitilun kan titi, haka famfunan ƙauye, haka firjin allurar rigakafi. Ana kawo su da biki, su mutu saboda abin da bai kai jika biyar ba.

Ga kuma manyan ayyuka. Fetur ɗin Agadem a jiharmu yake. Tun 2011 ake tace shi a matatar Damagaram, tun 2024 kuma bututu mai kusan kilomita 2000 yake kai shi gaɓar Benin. Ga tashar sola ta Malbaza, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Mun daɗe muna kukan cewa ƴaƴan jiha ba sa samun komai a irin waɗannan wurare sai gadi da leburanci. Kukan yana da tushe, ni ma na yi shi. Amma ranar da aka ce a kawo masu takardar walda ko ta lantarki, mutum nawa muke da su a hannu?

A nan laifin yake dawowa gida. Hanyar akwai ta, ko da siririya ce: cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, kwalejojin fasaha, takardun CAP da BEP, lise na fasaha irin Dan Kasawa na Maradi, har zuwa BTS da makarantar EMIG a Yamai. Mu ne muka mai da ita juji. A taron ƙarshen shekara, wa muke turawa can? Wanda ya faɗi sau biyu, wanda shekaru suka ƙure masa, wanda muka gaji da shi. Na sha faɗa da bakina, “Wannan ba ya da kan boko, a kai shi ya koyi sana'a.” Sannan mu yi mamakin gyaran da ba ya ƙarko. Alhali mai gyaran famfon sola yana buƙatar lissafi fiye da magatakarda, kuma dole ya iya karanta littafin inji da Faransanci, wani lokaci da Ingilishi. Aikin yara masu kaifin kai ne.

Ba na cewa makarantun nan sun wadatu. Na shiga wata cibiya na tarar da yara fiye da talatin suna koyon lantarki a kan allo, na'urar auna wuta ɗaya ce, ita ma a kulle cikin kabad. Uban da ya ga haka ya janye ɗansa, ba zan zarge shi ba. Akwai kuma tsoron da iyaye mata suka fi faɗa mini: in ya ƙware zai tafi. Wasu za su tafi, ba shakka. Amma ai yanzu ma suna tafiya, ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, hannu rabbana. Ni dai in ɗana zai fita, gara ya fita da takardar da za a karanta a ko'ina. Kuma makarantar da ƴaƴan malamai da na ƴan kasuwa suka shiga ba ta daɗewa ba kayan aiki, don iyayensu sun san ƙofar da ake bugawa.

Bayan mako biyu na je gonar mahaifin yaron. Na same shi yana shanya tattasai, na faɗa masa abin da ɗansa ya nuna mini da dariyar da na yi. Ya ce, “Malam, ni so nake ya zauna a ofis. Na gaji da rana, ba na son shi ma ya gaji da ita.” Ban samu abin da zan ce ba nan take, don shi ya san ranar fiye da ni. Na dai tambaye shi nawa ya yi asara a kwana taran nan. Ya yi shiru, ya faɗi kuɗin, ya ce bari yaron ya ci BEPC tukuna.

Jarrabawar saura wata uku. A takardar zaɓin makaranta yaron ya rubuta sashen lantarki a layin farko, kuma ranar Asabar yana zuwa gidana muna bitar lissafi.