Ƙofofin Kalsiyam da Sirrin Sankarar Furostet

Babbar tambayar da ke gaban likita game da sankarar furostet, wato ƙullutun nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce: wannan sankara za ta kwanta ne ko za ta yaɗu? Wata tafiyar hawainiya take yi, har mai ita ya tsufa ya rasu da wani dalili daban. Wata kuwa cikin 'yan shekaru sai ta kai ga ƙashin baya da na ƙugu. Gwajin jini na PSA ba ya rarrabe su sosai, domin kumburin da tsufa ke kawowa shi ma yana ɗaga sakamakonsa.

Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga ƙofofin kalsiyam. Kowace ƙwayar halitta tana da wasu furotin a bangonta da ke buɗewa su shigar da sinadarin kalsiyam, shi kuma ya isar mata da saƙon ta hayayyafa, ta motsa, ko ta mutu. Idan ƙwaya ta zama ta sankara, sai lissafin ƙofofin nan ya sauya.

Biyu daga cikinsu sun fi jan hankalina. Ƙofar TRPV6 da kyar ake samunta a lafiyayyen furostet, amma tana ƙaruwa gwargwadon tsanantar cutar a ma'aunin Gleason. Ita kuwa TRPM8, wadda aka fara ganowa a furostet a 2001, ita ce ƙofar da ke sa mu ji sanyin na'a-na'a a baki. Tana yawaita a farkon cutar, sa'annan ta ragu idan sankarar ta daina dogara da sinadarin mazakuta, matakin da magani ke wuya. Ke nan yawan wata da ƙarancin wata na iya nuna inda cutar ta dosa.

Har yanzu wannan ilimi yana ɗakin bincike, bai zama gwajin asibiti ba. A ganina, wajibi ne jami'o'inmu su shiga aikin, domin wannan ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma ta fi tsanani ga baƙar fata.

Kafin nan, ya kai mai karatu, in ka haura shekara 45, ko mahaifinka ya yi fama da ita, nemi likita ku tattauna batun gwaji. Sankarar nan takan fara ba tare da wata alama ba, kuma da yawa daga cikin dattawanmu ba sa zuwa asibiti sai fitsari ya tsaya ko baya ya riƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.