Wasiyya ba ta kiran mutuwa

A Zango, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, in ka ce wa dattijo ya rubuta wasiyya sai ya haɗe rai, wai kana yi masa fatan mutuwa. In mai ɗan karatu ne, cewa zai yi Allah ya riga ya raba gado, rubutu kuma aikin 'yan boko ne. Ana kiran wannan tawakkali. Sakaci ne, kuma a kan marayu yake ƙarewa.

Allah ya raba gado, babu musu. Amma ayoyin Suratun Nisa'i da suka raba shi, su ne suka yi ta nanata cewa rabon sai bayan an fitar da wasiyya da bashi. Risalar da ake karantawa a zaurukanmu ta yi bayanin wasiyya dalla-dalla. Ƙa'idar Malikiyya sananniya ce: ba a wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Sulusin nan shi Annabi (SAW) ya yarje wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. To ina bokon yake?

Dubi yaron da mahaifinsa ya rasu kakansa na raye. Ranar da kakan ya cika, baffanni sun katange shi. Ko kunya ɗaya ba zai samu ba a gonar da ubansa ya ƙare ƙarfinsa yana nomawa. Alƙali bai zalunce shi ba, hukuncin ke nan. Ƙofar da shari'a ta bar masa ita ce sulusin kakansa, kakan kuwa ya kame bakinsa don tsoron camfi. Haka agola, haka ɗan riƙon da ya yi jinyar tsoho har ƙarshe. Masar ta ga wannan rauni har ta yi doka a 1946, ta wajabta wasiyya ga irin wannan jika. Mu ko doka ba ma buƙata, takarda ce da shaidu biyu adilai.

Ga shi Zango na bakin iyaka. Mutum yana da shanu a hannun makiyayi a cikin Nijar, da gona a jingina, da bashin hatsi a kasuwar Mai'aduwa, duk lissafin a kansa yake. Da an rufe shi, 'yan uba sun nufi kotun shari'a, ana rantse-rantse a kan abin da layi biyar za su warware.

Masu tsoron kada a fake da wasiyya a fifita 'ya'yan mowa suna da abin faɗa. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi bisa dokar Ingila ko da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Sai dai wannan hujja ce a kan dokar Ingila. Wasiyyar da aka rubuta gaban liman da mai unguwa, in ta taɓa haƙƙin magaji, alƙalin kotun shari'a da kansa zai soke ta.