Tseren Duwatsun Shere: Ba Sai Kin Zo Ta Ɗaya Ba

Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen rainon yara da awon ciki, mu hau dutse.

Idan aka auna mace aka ga jininta ya fara hawa, aka ce ta riƙa motsa jiki, amsar da muka fi ji ita ce: "Sista, aikin gida ma ai motsa jiki ne." Gaskiya ne wanki da shara da girki suna gajiyarwa, amma gajiya daban, horar da zuciya daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru, wato rabin awa sau biyar. A baki abin da sauƙi. Ɗorewar ce jidali, kuma a iya abin da na gani, wanda ya fara shi kaɗai ba kasafai yake wuce sati uku ba.

Shi ya sa nake son ba ku labarin ƙungiyar gudu ta unguwarmu a nan Jos, da tseren da muka shiga a duwatsun Shere ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ƙungiyar ba ta 'yan wasa ba ce. Akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibai da 'yan fansho, Musulmi da Kirista. Sau uku a mako muke haɗuwa da ƙarfe shida na safe. Wadda ta yi fashi sau biyu a jere, sai ta ji waya: "Lafiya dai ko?" Wannan 'yar tambaya ta fi kowace lacca ta asibiti tayar da mutum daga bargo a sanyin Jos.

Garin Jos kansa yana kan tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuwa, wadda ke gabas da gari, ta kai wajen mita 1,800. Iskar wuri mai tsayi ba ta ba huhu abin da ta ƙasa ke ba shi, saboda haka baƙon da ya zo daga Kano ko Maiduguri yakan riga ɗan gari fara haki. Ba banza ba ne Filato, musamman yankin Pankshin, ta yi suna wajen fitar da masu gudun dogon zango a Najeriya.

Gudu a kan dutse ya sha bamban da na kwalta. Wajen hawa, zuciya da huhu ne ke ɗaukar nauyi. Dabarar ita ce gajerun taku, kuma idan tudun ya miƙe sosai a koma tafiya da sauri, hannu a kan cinya. Har gwanaye haka suke yi, ba abin kunya ba ne. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne magana: idan kina iya faɗin gajeriyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba, kina daidai. Idan kalma ɗaya ma ta gagara, ki sassauta.

Gangara ce ke yaudarar mutane. Numfashi ya dawo, sai mutum ya saki jiki, alhali a nan ne cinya ke aikin birki, gwiwa da idon sawu suna karɓar nauyin jiki a kan tsakuwa mai santsi. Targaɗe da faɗuwa sun fi yawa wajen sauka. Ciwon cinyar da ke tasowa bayan kwana ɗaya ko biyu ma yawanci na gangara ne, kuma yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi burge ni a ranar shi ne wata ƙa'idar ƙungiyarmu: mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi kowa gudu suna haƙura da gasar, su tsaya a can baya tare da wanda ya fi kowa jinkiri. Wannan karon wata babar mu ce, ta haura shekara hamsin, tana shan maganin hawan jini, likitanta kuma ya yarda ta fito. Da ƙafa ta taka kusan duka hanyar. Waɗanda suka riga isowa ba wanda ya tafi gida har sai da ta ƙaraso, kuma tafin da ta samu ya fi na wanda ya zo na ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san wasu za su ce, matar aure da gudu a kan dutse? Yawancinmu da dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa da ɗan hijabi muke fita, wasu ma tare da mazajensu. Haihuwa ma ba ta rufe ƙofa. A ƙasar Kamaru, a tseren hawa Dutsen Kamaru da ake yi duk shekara daga garin Buea, dutsen da ya haura mita 4,000, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta lashe ɓangaren mata har sau bakwai.

Sai dai ga gargaɗin ma'aikaciyar jinya. Mai hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon zuciya ko sikila, da mai juna biyu, kada su fara sai sun ga likita. Motsa jiki yana taimaka wa magani, ba ya maye gurbinsa, don haka kada a ajiye ƙwaya saboda an fara gudu. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko duhun ido, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. A sha ruwa tun kafin a fita, a riƙe gora a hannu, a kuma nemi kambas mai taurin ƙasa, ko da na gwanjo ne. Silifas ba na dutse ba ne.

Ba kowa ke da Shere a bayan gida ba, amma Kano na da Dala, Zariya na da Kufena, kuma kusan kowane gari yana da ɗan tudunsa. Kada ki fara da tsere. Ki nemi maƙwabta biyu, ku sa rana da lokaci, ku fara da tafiyar minti 20 a fili kafin ku tunkari hawa. Ku kuma yi wa juna alkawari ɗaya: wadda ba ta fito ba, za a kira ta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, da yardar Allah.