Manhajar da ba ta taɓa zuwa Bukkuyum ba

1/ Masu kamfanonin kuɗi na waya, yau da ku nake. Kun kai POS Anka, Gummi da Bukkuyum, mun gode. Amma da ganin manhajarku, wanda ya tsara ta bai taɓa tsayawa kasuwar ƙauye da waya mai fasasshen gilashi da caji kashi 8 ba. Zare ne, ku biyo ni. 🧵

2/ A kamfanoni da yawa, mai tsara manhaja shi ake kira a ƙarshe. Injiniyoyi sun gama, manaja ya sa ranar fitarwa, sannan a ce masa "zo ka gyara mana kala". An gina ɗaki ba ƙofa, an kira mai fenti.

3/ Alhali aikinsa tambaya ce tun farko: wa zai riƙe abin nan, a ina, da wace waya, me yake tsoro? In ba a amsa wannan ba kafin a fara gini, kwalliyar da aka yi daga baya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

4/ Ɗauki mai hatsi a Nasarawar Burkullu. Mai saye ya sa kati a POS, alat ya shigo an cire kuɗi, na'ura ta fito da Turanci da wata lamba, wai ciniki bai wuce ba. Ya saki gero ko ya riƙe? Mota na shirin tashi, kowa na son isa gida kafin magariba saboda halin hanya.

5/ Amsar tana cikin ƙa'ida. Tun Yunin 2020 CBN ya ce a warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Me ya hana rasit ya faɗa da Hausa: "Kuɗinka bai ɓata ba. In bai dawo cikin kwana 3 ba, kira wannan lamba"? Jimla biyu ce fa. Ba wanda aka ɗora wa alhakin rubuta ta.

6/ Ga wadda ta fi ciwo. Dattijo ya kasa gane inda zai danna, ya miƙa wa yaro waya, ya faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a. Ranar da aka kwashe kuɗin, a ofis a rubuta "sakacin kwastoma". Haba. Wa ya tilasta masa miƙa wayar?

7/ Na san abin da za a ce: "ai rashin ilimi ne". Mutumin da ke lissafin buhu 40 da ka, ya riƙe bashin mutum 20 ba takarda, yana karanta ajami tun yana yaro? Takardar N200, N500 da N1000 na ɗauke da ajami, har bayan sauyin 2022. Kuɗin na magana da shi, manhajar kuɗin ce ta ƙi.

8/ Masu ƙaramar waya kuma USSD suka dogara da shi. Tun Maris 2021 aka sa masa N6.98. Mutum na biya, amma kafin ya gama shigar da lambar asusu mai lamba 10, layi ya yanke, ya koma farko. An auna lokacin da yatsun ɗan shekara 25 mai zaune cikin AC.

9/ Zamfara ta ba ku darasi biyu kyauta. Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, makonni ana tafiya wata jiha don a yi kira. Farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta ɓace. Sau ɗaya ba sabis, sau ɗaya ba kuɗi a hannu. Me ya sauya a manhajarku bayan haka?

10/ A 2023 ɗin mutane suka koma OPay, Moniepoint da PalmPay, don tiransfa na wucewa lokacin da na bankuna da dama ke tsayawa. Abin da ke aiki suka bi. Ranar da wani ya zo da wanda ya fi sauƙi, haka za su bi shi ba sallama.

11/ Ku duba M-Pesa a Kenya. An fara gwada shi a Thika don biyan ƙananan basussuka. Masu shi suka lura mutane na tura wa juna kuɗi da shi, suka juya akalar, ya fito a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Kallon mutane ya ba su wannan.

12/ "Tsaro ba ya barin mu je." Matsalar gaskiya ce, ba wanda ya fi mu saninta. Amma MSF ta shigo 2010 lokacin gubar dalma, ta yi fiye da shekara 10 tana aiki a yankin Anka. Ku ma na'urarku na isa, kamashonku na fitowa kullum. Kunnenku ne kawai hanya ta gagara?

13/ To me muke nema? Na ɗaya: mai tsara manhaja ya zauna tun ranar da ake yanke me za a gina, kuma ya iya cewa "wannan ba zai fita ba". In ba shi da ikon tsayar da abu, suna kawai aka ba shi.

14/ Na biyu: kada wani sabon abu ya fita sai an gwada shi da mutum biyar zuwa goma irin waɗanda za su riƙe shi, a kan waya mai arha da sabis mai sanda ɗaya. A ba su aiki, a yi shiru, a kalla. Manaja ma ya zauna ya gani da idonsa.

15/ Na uku: ku ɗauki 'yan gida. Akwai masu fitowa daga Jami'ar Tarayya ta Gusau, da kwalejojin fasaha na Kaura Namoda da Talata Mafara. Har da mata, domin namiji baƙo ba zai shiga gida ya ga yadda uwar adashe ke aika yaro wurin mai POS da katinta ba.

16/ Na huɗu: mai POS shi ke shan zagi a madadinku, shi ya san inda mutane ke tuntuɓe. Ƙorafinsa ya isa teburin injiniya duk mako, a kuma biya shi ladan lokacinsa.

17/ Na biyar: Hausa tun daga tushe, da murya ga wanda karatun boko ke wa wuya. Ban da fassarar inji da ake liƙawa daren fitarwa, wadda Bahaushe ke karantawa ya ce gara a mayar masa da Turancin.

18/ Na shida: ku sauya abin da kuke yi wa tafi. Yawan waɗanda suka sauke manhaja na faranta ran masu zuba jari. Ku ƙirga mutum nawa suka gama tiransfa su kaɗai, da nawa suka kama hanyar Gusau don gyaran da ya kamata a yi ta waya. A yankinmu wannan tafiyar na iya cin rai.

19/ Matasanmu masu gina manhaja a Kano da Kaduna, har da ku. Kuna jin Hausa, kakanninku na ƙauye, amma kuna kwafo fuskar manhajar Amurka. Kafin ka nuna wa abokanka, kai wa gwaggonka ta gwada.

20/ 'Yan Anka, Gummi da Bukkuyum, ku rubuto a ƙasa: wane saƙo na POS ko manhaja ya taɓa ruɗa ku? A ɓoye lambar asusu da suna. Mu tara, mu aika musu. Allah ya ba mu zaman lafiya.