Finlan: An Yi Kitso Da Ƙwarƙwata

Duk sa'ad da 'yan kanzagin Turawa suka tashi yi wa duniya wa'azin 'yancin mata, ƙasar Finlan suke kafa hujja da ita. Wai tun 1906 mata ke jefa ƙuri'a, a 1907 mata 19 suka shiga majalisa, Tarja Halonen ta shugabanci ƙasar daga 2000 zuwa 2012, a 2019 kuma Sanna Marin ta zama firayim minista tana 'yar shekara 34. Duk gaskiya ne. To, sai kuma me?

Matan Finlan sun fi mazansu yawan kammala jami'a, amma inda namiji ya karɓi Yuro 100, mace kimanin 84 take tashi da shi. Dalili kuwa, an jibge su a aikin jinya da renon yara da kula da tsofaffi, ayyukan da 'yan jari-hujja ba sa ganinsu da gashi.

A watan Afrilun 2022, Marin na kan karaga, ma'aikatan jinya kimanin 25,000 suka tsunduma yajin aiki saboda albashi. A watan Satumba majalisa ta zartar da dokar da ta ba hukuma ikon tilasta wa wasunsu komawa bakin aiki. Gwamnatin da mace ke jagoranta ce ta kawo dokar! Sai da suka yi barazanar ajiye aiki dungurungum sannan aka daidaita da su.

Binciken Tarayyar Turai na 2014 ma ya nuna kashi 47 cikin 100 na matan ƙasar sun taɓa shan duka ko keta haddi.

Ashe fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. Masu tallar Finlan su fara amsa wannan tambaya: ina haƙƙin gumin ma'aikaciya?